Daga Bronx zuwa Chester: daren da ɗan shekara 14 ya shiga fili

Ranar Laraba 17 ga Yulin 2024, bayan azahar, muka bar unguwar Bronx ta birnin New York mu uku: ni da Yaya da autansa. Yaya ya ajiye tasi na yini guda saboda tafiyar, abin da ba ya yi sai da babban dalili. Dalilin kuwa Auta ne, mai shekara 13, wanda tun saukata Amurka ya ishe ni da zancen wani yaro na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Philadelphia Union, Cavan Sullivan, da aka ce ran nan zai zauna a benci tare da manya.

Muka haye gadar George Washington muka ɗauki babban titin New Jersey. A wani gidan mai na yunƙura zan taya Yaya zuba mai, ya riƙe hannuna ya ce a wannan jihar doka ta hana direba zuba wa kansa, sai ma'aikaci. Nan muka yi la'asar a gefen ciyawa, iska mai ɗumi tana bugun mu kamar ana shirin ruwa.

Da muka koma mota Auta ya buɗe mini karatu. Ya ce, "Baffa, a nan ba kamar Turai ba ne, da gasar kake sa hannu." Haka ne kuwa. A MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wadda ta fara wasa a 1996, kwantiragin ɗan wasa na hukumar gasar ne, ba na ƙungiya ba. Da can hanyar matashi ita ce jami'a: ya buga wa makarantarsa, sannan a sa sunansa a zaɓen shekara-shekara da ake kira SuperDraft, inda ƙungiyoyi ke ɗauka bi da bi, wadda ta fi shan kashi ta riga waɗanda suka yi nasara. Kafin ya gama ya kai 21 ko 22, sa'anninsa a Brazil ko Faransa sun yi nisa. A 2008 aka kawo dokar 'yan gida, wadda ta ba ƙungiya damar ɗaukar yaron da ya yi aƙalla shekara guda a makarantar horonta kai tsaye, ba sai ya bi layin zaɓe ba. Ta wannan ƙofa Brenden Aaronson ya shiga Union. Ɗan Medford ne, wani gari da ke nan cikin New Jersey, kuma daga Union ya wuce Salzburg a 2021, sannan Leeds.

Yaya yana tuƙi bai tanka ba. Sai da muka yi nisa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ka tambaye shi nawa nake biya."

Nan ne ciwon yake. Makarantun ƙungiyoyin MLS galibi kyauta ne, amma gurbinsu kaɗan ne, kuma kafin a hango yaro sai ya fara bugawa a ƙananan kulob na unguwanni, waɗanda iyaye ke biya. Dubban daloli a shekara, ban da kuɗin mai da otal idan wasa ya faɗo wata jiha. Yaya ya ce bara sai da ya ƙara tuƙin dare wata biyu kafin ya haɗa kuɗin, kuma da suka makara da biyan kashi na biyu, an ajiye yaron a benci har sai da kuɗi suka shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu da muka tashi muna buga ƙwallo ba takalmi, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai inda aljihun uba ke fara gwaji kafin ƙafar ɗa ba.

Gab da faɗuwar rana muka hau gadar Commodore Barry. Daga samanta na hango Subaru Park, filin Union da ke garin Chester, a ƙasa, a bakin kogin Delaware, kamar an ajiye akushi a gindin gada. Ƙaramin fili ne, bai kai mutum 19,000 ba, amma magoya bayan da ke kiran kansu Sons of Ben, don tunawa da Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, sun cika shi da ganga da waƙa.

Union ta yi wa New England Revolution kaca-kaca. Tai Baribo ya ci uku shi kaɗai. Can wajen minti na 84 Quinn Sullivan, wan Cavan, ya zura ta biyar, wasa ya koma 5 da 1. Murna ba ta lafa ba aka ɗaga allon canji. Wani ɗan siririn yaro mai farin gashi ya ruga cikin fili, kowa ya miƙe. Auta ya damƙe hannuna har farcensa ya shige ni, bai ma sani ba. Shekarar yaron 14 da kwana 293, ya karya tarihin Freddy Adu na ɗan wasa mafi ƙarancin shekaru da ya buga a MLS da kwana 13.

Sunan Adu ya tsaya mini a rai, don namu ne na Afirka ta Yamma. A Tema ta Gana aka haife shi, mahaifiyarsa ta ci cacar bizar Amurka, ya fara buga wa D.C. United a Afrilun 2004. An ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, har ana haɗa shi da Pele, daga baya ya yi ta yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Sai na samu kaina ina yi wa wannan yaron addu'ar kada a maimaita masa.

A hanyar dawowa na tambayi Auta me ya hana Cavan tafiya Ingila yanzu, tunda an ce Manchester City ta riga ta ƙulla yarjejeniya a kansa. Ya ce dokar FIFA ce: ba a sayar da yaro zuwa wata ƙasa sai ya cika 18. Sassaucin da aka fi amfana da shi shi ne na cikin Tarayyar Turai, inda ake yarda daga 16. Shi ya sa Christian Pulisic, ɗan Hershey a nan Pennsylvania, ya samu fasfon Kuroshiya ta wajen kakansa ya tafi Dortmund yana 16, Gio Reyna kuma ya bi shi da fasfon Fotugal. Weston McKennie da ba shi da wannan gata sai da ya jira 18 kafin ya tafi Schalke a 2016, kuma FC Dallas da ta rene shi ba ta samu ko sisi ba. Sai a 2019 MLS ta amince da tsarin diyyar horarwa na FIFA.

Auta ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, mu ba mu da kaka a Turai ko?" Na ce ba mu da shi. Yaya ya ce gwajin makarantar Red Bulls ko ta New York City, ƙungiyoyin MLS na yankinsu, shi ne ƙofarsu, kuma zai kai shi ko da zai ajiye mota mako guda. Kafin mu kai gadar George Washington yaron ya yi barci, kansa a kafaɗata. Yaya ya sauke mu a ƙofar gida bayan tsakar dare, ya kunna manhajar tasi ya juya mota.