Godiya bayan wata huɗu ina jinyar ciwon baya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, yau Juma'a da ƙafata na taka har masallaci, na shiga sahu na yi sallah a tsaye, na yi ruku'u na yi sujada ba kujera ba sanda, abin da rabona da shi wata huɗu kenan. Wallahi da na ɗago daga sujadar farko sai da hawaye ya zubo min. Shi ya sa na ce yau ɗin nan ba zan kwanta ba sai na yi godiya ga duk wanda ya tsaya min, don da yawanku ko waya ban iya ɗauka ba a lokacin.

Ga waɗanda ba su san yadda abin ya faro ba, a Dawanau ne lokacin kaka, mota ta kawo mana masara, 'yan dako sun tafi sallar la'asar, direba kuma sai azalzala yake wai yana da wani lodin, ana cikin haka buhu ɗaya ya zamo ya tare ƙofar sito. Maimakon in jira minti goma sai na sunkuya ƙafafuna a miƙe, na kama kunnen buhun mai kilo 100 na ja na murɗa jiki zan jingine shi, kawai sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ranar na daure na ƙarasa ciniki. Washegari da asuba kuwa ko takalmi na kasa sawa, ciwon ya taso daga ƙugu ya bi ta ɗuwawu ya gangara bayan cinya har babban ɗan yatsan ƙafar hagu, kamar an jona min wutar Nepa, ko atishawa na yi sai na riƙe bango.

Sati uku na farko ni na ɓata su da kaina. Kowa ya zo dubiya da nasa bayanin, wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne ya kama ƙashi, wata gwaggona ma cewa ta yi hannu aka sa min saboda kasuwa ta buɗe. Na san duk ƙauna ce ta sa, ban riƙe kowa ba. Na sha jiƙo kala-kala, aka yi min ƙaho, wani mai kemis ya ɗora ni kan allurar diclofenac kullum har kwana goma ga ƙwayoyi a kai, ciwon ya ɗan lafa na awa kaɗan ya dawo, daga baya cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono. Ni kuma ina kwance ɗif ba na ko motsi, a tunanina hutu ne magani, ashe ƙara sandarewa bayan yake yi. Akwai daren da wani ya kawo min tiramol ya ce guda ɗaya kawai zan yi barci, ƙanina ne ya karɓe ya ce Yaya wallahi ba za ka fara wannan ba, gobe sai asibiti ko a ɗauke ka ne. Allah Ya yi maka albarka ƙanina, ka yi min abin da ba zan manta ba.

Haka muka tafi asibitin ƙashi na Dala. Likitan da ya duba ni kafin ya taɓa ni sai da ya jera min tambayoyi, ina iya riƙe fitsari da bayan gida? Akwai dindiris a tsakanin cinyoyina? Ƙafar tana mutuwa ne ina jan ta? Zazzaɓi fa, rama, gumin dare, tsohon tari? Ya ce da ɗaya daga cikin na farkon nan ya bayyana to ba maganar jira ba ce, aikin gaggawa ne a ranar, su zazzaɓi da rama kuma suna sa a binciki tarin fuka don yana kama ƙashin baya ma ba huhu kaɗai ba, abin da ban taɓa sani ba. Ya kwantar da ni rigingine ya ɗaga ƙafar hagu a miƙe a hankali, ko rabi bai kai ba na ce wayyo likita tsaya. Bayan na kawo hoton MRI da ya tura ni sai ya ɗauko wani ƙashin baya na roba a kan teburinsa ya nuna min, ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai kamar matashi mai taushi a ciki, nawa wanda ke tsakanin na 4 da na 5 ne ya bulluƙo yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Na ce shi kenan tiyata? Ya ce Alhaji kwantar da hankalinka, yawancin irin wannan ba sa kaiwa ga wuƙa, jiki na gyara kansa in aka taimaka masa. Ya tsayar da alluran nan nan take, ya ce irinsu in an daɗe ana yi suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Likita Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan magabata.

Sai ma'aikatan sashen gashin ƙashi, su kam ban san da wane baki zan gode musu ba. Wanda ke kula da ni matashi ne sa'an ƙanina amma haƙurinsa ya fi na manya da yawa. Shi ya fara ce min Baba kwanciyar nan ta isa, kwana ɗaya biyu ba laifi amma sati uku cuta ce a kan cuta. Ya fara ni da tafiyar minti 5 a tsakar gida, kullum in ƙara kaɗan, yanzu minti 30 nake yi bayan asuba. Ya koya min in kwanta rigingine in lanƙwashe gwiwa in ɗaga ƙugu sama in sauke a hankali, da yadda zan tashi daga shimfiɗa, in juya gefe tukuna in sauko da ƙafafu sannan in tura da hannu. Barci kuma a gefe da filo tsakanin gwiwoyi. Kuma ya faɗa min gaskiya ba ɓoye-ɓoye, ya ce buhun nan ƙarashe kawai ya yi, shekara da shekaru ina wuni zaune kan benci ba majingini, ga tumbi, ga hawa babur kan hanya mai ramuka, ba motsa jiki, su ne suka share masa hanya. Ya sa kwali a ƙasa ya ce ɗauka mu gani, na sunkuya yadda na saba, ya ce to ka ga abin da ya kawo ka nan, tsuguna za ka yi, kaya ya matso jikinka, ƙafa ce za ta ɗaga ba baya ba, in za ka juya ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya.

Hajiyata, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, duk da ciwon gwiwarki kullum sai kin sa an kawo ki kin tofa min addu'a. Uwargida maman yara, ke kika ga abin da ba wanda ya gani, ƙarfe biyun dare ki tashi ki dafa ruwa ki zuba a gora ki naɗe da tawul ki ɗora min a ƙugu, ki riƙe ni zuwa banɗaki, ki sa min safa cikin sanyin hunturu, ga faɗan da nake yi miki ba dalili saboda zafin ciwo, ko sau ɗaya ba ki ɗaga min murya ba. Ki yafe min don Allah, Allah Ya ba ki Aljanna. Babban ɗana ma da ya ga na karaya ina cewa ni kaɗai aka jarraba, sai ya karanto min a waya cewa hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, na yi shiru ina ta istigfari.

Malam limamin unguwarmu na gode, lokacin da zuciyata ta ƙi yarda da sallar zaune kai ka zo har ɗaki ka tuna min abin da Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini, ka yi sallah a tsaye, in ba za ka iya ba a zaune, in ba za ka iya ba a kan gefenka. Daga ranar na samu natsuwa. Maƙwabcina mai adaidaita sahu da ke kai ni asibiti yana lallaɓa kowane rami kamar ya ɗauko ƙwai, kuma ya rantse ba zai karɓi ko kuɗin mai ba, Allah Ya ba ka mota taka ta kanka. Abokan kasuwa da suka yi karo-karo aka biya kuɗin hoto, da yaron shagona da ya riƙe amana ko tiya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba, Allah Ya san ku ɗaya bayan ɗaya.

Amma waɗanda suka fi sa ni kuka 'yan dakonmu ne. Su shida suka zo bayan magariba da ƙurar masara a jikinsu, sun haɗa kuɗi sun sayo min lemo da kankana. Dattijon cikinsu da zai zauna sai na ga ya dafa bango ya sauka a hankali irin yadda nake yi, na ce Baba kai ma? Ya ce Alhaji ai mun saba, ƙwaya biyu da safe shi kenan. Mutumin da shekara nawa yana sauke min kaya ban taɓa tambayarsa lafiyar bayansa ba. Na riga na sa an sayo baro biyu, kuma a sitona daga yanzu mutum biyu ne kan buhu, ladan kowa ba zai ragu ba. Baba kuma ranar Talata tare za mu tafi Dala in sha Allahu, na yi magana da maƙwabcina.

Duk wanda ya kira ban ɗauka ba ko ya turo saƙo ban amsa ba ya yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Ƙafar har yanzu takan ɗan yi dindiris in na daɗe a zaune, ina ci gaba da zuwa gashi, a ci gaba da sa ni a addu'a. Litinin in Allah Ya kai mu zan fito kasuwa daga safe zuwa azahar, masu bi na kuɗi da waɗanda muke da lissafi a tsakani a same ni a shago. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, amin.