Kulle firiji ma sai da izini

Kamfanina ƙarami ne, yana kula da masu buƙata ta musamman a gidajensu a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, kuma kuɗin aikin yana fitowa ne daga shirin inshorar nakasassu na ƙasa, wato NDIS. Tun 1 ga Yulin 2019 hukumar da ke sa ido kan shirin ta fara aiki a jiharmu ta Biktoriya, kuma ƙa'idojinta na 2018 ne ke tsara abin da ya fi cin lokacina, wato duk matakin da zai tauye wa mutum walwala da sunan kare shi.

Matakan da dokar ta sa wa ido biyar ne. Killace mutum shi kaɗai a ɗaki, riƙe shi da ƙarfi, ko ɗaure shi da wani abu, kowane sabon ma'aikaci ya san girmansu. Inda ake tuntuɓe shi ne sauran biyun, domin sun yi kama da tausayi. Ma'aikaciyar da ta sa wa firiji kwaɗo saboda wanda take kula da shi yana ci ba ƙaƙƙautawa ta hana shi wani sashe na gidansa, kuma haka doka ke kallon abin, komai kyawun niyyarta. Haka maganin da aka ba mutum domin ya lafa, alhali ba wata cutar da likita ya gano ake yi wa magani ba, shi ma tauyewa ne, ko da takardar likita na hannu.

Kafin a ɗauki ko ɗaya, dole kamfani ya kasance da rajista, ƙwararre kan ɗabi'a ya rubuta tsarin tallafi, na wucin gadi cikin wata ɗaya, cikakke cikin wata shida, a kuma sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Izinin kuwa bisa dokar jiha ake samunsa, abin da ke wahalar da masu aiki a jihohi biyu, tunda kowace da tsarinta. Sharaɗin shi ne an gwada duk wata dabara ta gaza, matakin ya zama mafi sauƙi, na ɗan gajeren lokaci.

Kowane wata muna aika wa hukumar rahoton matakan da aka yi amfani da su. Idan an yi ba tare da izini ba, kwanakin aiki biyar muke da su mu sanar, idan kuma an ji mummunan rauni, awa 24.

Wasu abokan sana'a na kukan yawan takardu, kuma ga mai ma'aikata kaɗan nauyin gaskiya ne. Ni dai ina ganin rubutun ne ke tilasta mana tambayar me ke tayar wa mutumin hankali, yunwa ce, hayaniya ce, ko ciwon haƙorin da ya kasa faɗa. Shi ya sa nake fara koya wa sabon ma'aikaci rubuta abin da ya faru kafin rikici, tun kafin in ba shi makullin gida.