Kwana biyu a Damagaram, da abin da ƙasar Tirmini ta ba mu

Ƙanena ne ya dawo da na'urar neman ƙarfe daga Jado, can arewacin Nijar, inda aka yi rububin zinariya a 2014. Su can apare suke ce mata: sanda ce mai faifai a ƙasa, kana shara da ita kusa da ƙasa, in ta ji ƙarfe sai ta yi kuka a kunnenka. Ni tun ina lakwal labarin yaƙin Tirmini yake raina, shi ya sa da aka gama girbi na ce masa ya ɗauko ta mu nufi Damagaram.

Mun bar Maraɗi da asuba. Bayan Tasawa muka wuce Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa da suka yi ta ƙone garuruwan Hausa har sojojinsu suka juya musu baki suka kashe su a Yulin 1899. Na yi shiru har Takeita. Ragowar rundunar nan tasu ce ta ci gaba gabas, ta gamu da mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini ƙarshen watan, sannan ta shiga Zinder.

Da muka isa Tirmini, ba mu taɓa ƙasar kowa ba sai da muka gaida mai gari. Ya haɗa mu da wani dattijo mai gona a gefen gari.

"Baba, izini muke nema mu duba gonarka."

"Ɗana, in zinariya ce babu. Dalma dai, hauya takan tono ta jefi-jefi."

Hunturu na busawa, karan gero na karce mana ƙafa. Wajen awa uku na'urar tana kuka, muna tono ƙusa, marfin kwalba, guntun lauje. Dab da azahar kukan ya sauya, ya yi kauri. Ƙanena ya durƙusa ya tona kamar taƙi ɗaya da hannu, sai ga wani dunƙule kamar ɗan gurjiya, ya yi fari fat da tsufa, gefe guda ya lotse. Nauyinsa ya fi girmansa nesa. Harsashin dalma ne, dogo, ba mulmulalle irin na bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki ba. Bindigar Gras ta sojan Faransa na wancan zamani irin wannan take ci, mai kaurin milimita 11.

Lotsewar nan ce ta tsaya mini a rai. Harsashi ba ya lotsewa sai ya daki wani abu. Na riƙe shi a tafin hannu ina tunanin mahayan da suka fuskanci irinsa da mashi da takobi da rigar lifidi, jikina ya yi sanyi. Dattijon ya karɓa ya juya shi, ya yi wa waɗanda suka kwanta a wurin addu'a, muka shafa. A hannunsa muka bar shi. Ƙanena ya so mu tafi da shi, amma ni a ganina abin da aka tono a Tirmini na mutanen Tirmini ne, kuma ba na son ranar da za a riƙa sayar da irinsa a kasuwa kamar tsohon ƙarfe.

Washegari muka zaga Birni, tsohuwar unguwar Zinder, tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zanen ado, muka ga abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimune, wanda a zamaninsa ake zuba igwa a cikin garin nan. Daga nesa aka nuna mana barikin da Faransawa suka sa wa sunan Cazemajou, kyaftin ɗin da aka kashe a Zinder a 1898, wanda da sunan ɗaukar fansarsa aka ci garin. A garin nan suka yi hedikwatar mulkinsu na Nijar har 1926, kafin a mayar Yamai.

A hanyar komawa muka tsaya Tirmini sallama. Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwanin tumatir, ya zazzage a kan tabarma: dalma huɗu da hauyarsa ta tono cikin shekaru, biyu mulmulallu, biyu dogaye. Ya sa tamu ta biyar, ya rufe bakin gwangwanin da tsumma.