Yadda na raba asid da garin kulorin a mangazarmu

Aikina ajiyar kaya ne a wata ƙaramar masana'antar sabuni da ruwan jabel, a unguwar masana'antu ta Yamai, wajen Gamkalle. Kaya uku ne ke hana ni sakewa: soda mai cin fata da muke dafa sabuni da ita, garin kulorin da ake kira HTH, sai asid na wanke tukwane da bututu. Ta tashar jiragen ruwan Lome suke zuwa mana, bayan sun sha rana kwana da kwanaki a bayan kamiyo.

Da aka ba ni makullin mangaza, tsarin da na tarar guda ne: abin da ya fara sauka shi ke shiga ƙurya. Bidon asid jingine da bokitan HTH, tanon man inji a gefe, sama kuma kwano tsirara babu silin. Duk wanda ya san Yamai a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya san yadda ƙarƙashin kwano yake da azahar.

HTH gari ne fari, ka ce omo, amma ƙarfin kulorin da ke cikinsa kashi 65 zuwa 70 ne cikin 100. Asid ya ɗiga a kansa, nan take iskar kulorin ta tashi. Nauyinta ya kusa ninka na iskar da muke shaƙa sau biyu da rabi, shi ya sa take kwanciya ƙasa, ta bi rami da lambatu, ta fara da wanda ke tsugune ko kwance. Mai ko tsumma mai maiƙo ya haɗu da garin, wuta na iya tashi ba ashana. Irin wutar nan kuwa rufe ta da bargo ba ya kashe ta, don garin da kansa yake ciyar da ita. Ruwa ake kwarara mata mai yawa, daga nesa.

Na je wa Alhaji, mai masana'antar, da maganar a gina bango a raba ɗakin uku. Na kawo masa labarin Beirut, ranar 4 ga Agusta 2020, inda tan 2,750 na sinadarin ammonium nitrate da aka jibge shekaru a tashar jiragen ruwa ya tashi, mutum sama da 200 suka mutu. Ya saurare ni, ya ce, "Ɗana, can tan dubu ne, nan bokiti ne. Shekara nawa muna haka, Allah na tsarewa." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, Allah ke tsarewa. Amma bokiti ɗaya ya ishi mutum goma a ɗaki rufe." Ba wannan ce ta motsa shi ba. Abin da ya motsa shi hukuma ce: akwai dokar kare muhalli mai lamba 98-56 ta Disamba 1998, akwai masu binciken wuraren aiki da ke zagayawa, kuma idan lebura ya ji ciwo sai an yi bayani gaban CNSS, asusun ƙasa na kare ma'aikata. Ya lissafa kuɗin bulo da siminti, ya lissafa asarar rufe masana'anta, ya ce a kira magina.

Hukuma takarda take fara tambaya. Kowane sinadari yana zuwa da takardar bayaninsa, FDS, mai sassa 16. Namu suna nan a ofis cikin fayil, tsaf, da Faransanci, wasu ma da Ingilishi. Mai bincike ya gani ya gamsu. Su kuwa masu sauke kayan a kafaɗarsu Hausa da Zabarmanci suke ji. Sai na ɗebo sassa biyar kawai: na 4 taimakon gaggawa, na 5 kashe wuta, na 6 abin yi idan kaya ya zube, na 7 ajiya, na 10 abin da ba a haɗa shi da shi. Kowace safiyar Litinin, kafin a kunna inji, mu tsaya bakin ƙofa in faɗa da baki, wani abokin aiki ya maimaita da Zabarmanci. Alamomin nan masu jan gefe da ke jikin bido ma sai da muka bi su ɗaya-ɗaya. Ƙwarangwal kowa ya gane shi. Amma harshen wuta a kan da'ira, alamar HTH, kusan kowa ya ɗauka irin ta fetur ce, alhali tana nufin abin da ke rura wutar waɗansu.

Sauran gyaran ba su ci kuɗi ba. Kowane ɗaki da launin fentinsa, kowane da cokalin awonsa, kuma ba a aro. Bokiti a kan katako, ba a ƙasa ba, saboda ruwan damina. Tano cike da ruwa mai tsabta da buta a bakin ƙofa, tun da famfo na iya ɗaukewa, kuma soda ta shiga ido minti 15 ne mafi ƙarancin wanki. Mai haɗa soda ya zuba ta cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya kwara ruwa a kanta, don zafi take yi har ta fantsamo. Takunkumin ƙura da muke sawa da hunturu ba ya tare kulorin ko kaɗan, kuma wannan sai da na nanata, don mutane sun yarda da shi ƙwarai. Mun ɗaura ƙyalle a kan dogon ƙarfe don a san inda iska ta nufa. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka wurin taruwarmu biyu ne, kuma kullum ɓangaren da iska ke fitowa ake gudu. Lamba 18 ta 'yan kwana-kwana na rubuce a bango.

Wani abu da na hana shi ne tsayawa kallo. Mutanen Yamai ba su manta da tankar man da ta kife kusa da filin jirgin sama a Mayun 2019 ba, inda jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta ci mutum sama da 50.

Rigimar da ta fi daɗewa ta bidon da ya ƙare ce. Baba mai gadi ya saba tara su ya kai kasuwar Katako, daga can su koma gidaje ana zuba ruwan sha. Da na ce a huda gindin kowane bayan an ɗauraye, sai ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Daga baya ya ce, "Yaro, cefanen gidana ka huda." Yana da gaskiya. Na koma wurin Alhaji, aka ƙara masa wani abu a albashi daidai abin da yake samu a Katako, aka kuma ba shi aikin hudawar. Yanzu shi ke riƙe da guduma da ƙusa, kuma shi ke ƙirga bidon da ya shiga da wanda ya fita.