Yadda ɗalibaina suka samu damar magana kan sankarar mama

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata. A watan Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, 'yan ajin ƙarshe suka zo min da buƙatar su tsaya a filin asambili su yi wa 'yan uwansu bayani. Mai jagorantarsu ta rasa gwaggonta da wannan ciwo, bayan an daɗe ana shafa mata magani a gida saboda an ce daji ba ya son allura.

Shugabar makaranta ta ƙi da farko. "Malama, iyaye za su ce mun koya wa 'ya'yansu rashin kunya," in ji ta. Damuwarta gaskiya ce, don haka ban yi jayayya ba. Na roƙi ta zauna ta saurari yaran kafin ta yanke hukunci.

Na kuma ba ta labarin garin Easton a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda a 2010 aka dakatar da ɗalibai mata biyu saboda sun sa awarwaron roba na yaƙi da wannan ciwo, mai ɗauke da kalmar da makarantar ta ɗauka batsa ce. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ba yaran gaskiya, a 2014 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar makarantar. Dokarsu daban, tamu daban, amma tambayar ɗaya ce: a hana yarinya ambatar jikinta ko da rai ake son ceta?

Da shugabar ta ji ɗalibaina, ta amince da sharaɗi biyu: mata zalla a wurin, sannan ma'aikaciyar jinya ta duba abin da za a faɗa. Sharaɗi na biyu ya yi mana amfani ƙwarai, domin nas ɗin ta cire maganar cewa sa kuɗi a rigar mama ne ke kawo ciwon.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi maganar. Ba Turancin littafi suka karanto ba. Cewa suka yi idan kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ki faɗa wa Umma a je asibiti. Sun nanata cewa ba kowane ƙullutu ne daji ba, likita ne zai tantance. Wannan ciwo shi ne sankarar da ta fi kama mata a Najeriya, kuma da yawa sai ya ci jiki suke isa asibiti.

Bayan hutu, wasu iyaye mata suka aiko suna tambayar wane asibiti ake dubawa. Yanzu muna buga sunayen asibitocin da ke kusa a takarda, kowace ɗaliba ta tafi gida da ɗaya.