Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Takardar Gwajin Auta

Makon jiya na tsaya inda abokan Auta suka ajiye shi a soron gidanmu na Rijiyar Lemo, suka buga ƙofa, suka ranta a na kare. Da muka fito da fitila, jikinsa a sanƙare yake, baki na kumfa, ƙirji na bugawa har ana gani ta saman riga. A adaidaita sahun maƙwabcinmu muka kai shi asibiti.

Ya yi ta amai, fitsari kuma sai ɗigo-ɗigo. Likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, aka ɗaura masa ruwa. Da aka yi gwajin kayan maye, takarda ta fito fes: ba wiwi, ba kodin, ba komai. Umma ta ɗaga ta sama, ta ce, "Kun gani ko? Ɗana ba ya shaye-shaye. Iska ce ta taɓa shi, a kira mai ruƙiyya."

Ban yi mata musu a gaban mutane ba. Sai dai ni malamar kimiyya ce a sakandare, kuma tun a daren farko na tsinci 'yar leda a aljihun wandonsa, da ɓurɓushin ganye mai warin sinadari. Kolos samari ke ce masa, wasu su ce Kolorado.

Bayan isha'i na ja Kawu gefe, don shi kaɗai Umma ke jin maganarsa. Na ce, "Kawu, ganyen nan ba shi ne abin ba. Kowane busasshen ganye ma ya yi, sinadari ake fesa masa."

Ya ce, "To ai wiwi ce dai, 'yata."

Na ce da ma ita ce. A ƙwaƙwalwa akwai wata mashiga da masana ke kira CB1. Sinadarin wiwi, wato THC, tura ƙofar yake yi ta ɗan buɗe, wannan kuwa ɓalle ta yake yi da ƙyaurenta. Daga nan ne farfaɗiya, bugun zuciya, gane-gane da ciwon ƙoda ke zuwa, kuma babu allurar da ke karya shi. Sai dai likita ya tallafi jiki har ya fitar da shi. Feshin ma ba ya kama ganyen daidai. Mutum biyu sai su raba leda ɗaya, wannan ya tashi yana dariya, wancan a kwashe shi.

Abin takaicin, a ɗakin bincike aka haife shi. Wani farfesa, John Huffman na Jami'ar Clemson a Amurka, shi da ɗalibansa suka haɗa ire-irensa don nazari kawai, ɗaya daga ciki sunansa JWH-018. A 2008 aka gano shi a Jamus cikin wani ganye da ake sayarwa da sunan Spice. Tun daga nan, duk wanda hukuma ta haramta, sai masu haɗawa su ɗan sauya masa gini su fito da sabo, har ƙasar Sin ta haramta dangin gaba ɗaya a 2021. Gwajin da aka yi wa Auta kuwa sawun THC yake nema. Me zai gani?

Kawu, ma'abocin rediyo, ya yi shiru, can ya ce, "Irin na Saliyo ke nan, da shugabansu ya kafa dokar ta-ɓaci a kansa?" Na ce 'yan gida ɗaya ne. A 2024 aka yi, kush suke ce wa nasu, kuma an samu dangin tiramol masu tsananin ƙarfi a cikinsa.

Ni ba ni da rigima da ruƙiyya, tofi ma ni na fara yi masa. Tsorona shi ne a sallame shi da takardar nan a matsayin shaida, ya koma majalisarsu a wanke.

Washegari Kawu ya shiga ɗakin Umma, ya daɗe. Da ya fita ta aiko a kira ni, ta ce in rufe ƙofa. Idonta a bushe, ta ce, "Tun kafin azumi nake ganin ledojin nan a ƙarƙashin katifarsa, ina zubarwa. Bikin 'yar uwarki bayan Babbar Sallah ne. In maganar nan ta kai gidan surukanta, kin san abin da zai biyo baya. Ba ni ledar."

Ledar tana jakata, likitan kuma ya ce in kawo masa ita da safe.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.