Wasiƙa daga Mancista zuwa ga masu riƙon 'ya'yanmu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na gida. Ya iyali, ya haƙuri da mu?

Takardar nan ta musamman ce ga kakanni da gwaggonni da yayye da aka bar wa yara, iyayensu mata kuma suna nan Ingila suna aikin kula da tsofaffi. Na san maganar da ake yi a tsakar gida: me ya hana ta tafi da 'ya'yanta? Wallahi ba son ranta ba ne. Tun ranar 11 ga Maris 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi zuwa da miji ko mata ko 'ya'ya. A watan Janairun shekarar ma an rufe wannan ƙofa ga yawancin ɗaliban digiri na biyu, sai masu karatun bincike aka bari. Ga shi bizar a ɗaure take da kamfanin da ya kawo ta. In aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ta, ko ta samu wani ko ta tattara nata ya nata. Shi ya sa ko jikinta ba daɗi sai ta lallaɓa ta fita.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawanmu a ɗakin kaka ko gwaggo muka tashi, musamman 'ya'yan fari. Amma a da uwar tana unguwar gaba ko garin gaba. Ranar suna ko Sallah za ta zo, ta ga ƙafar yaro ta yi kaushi, ta jawo shi ta shafa masa mai ba tare da ta ce uffan ba. Yanzu abin da ya rage tsakaninta da ɗanta shi ne wayar da ke hannunku.

Ga yadda kiran yake kasancewa. Mace tana aikin awa goma sha biyu, ta samu ɗan hutu, ta raɓe a ƙasan bene ta kira gida. Sai a fara da kuɗin makaranta, a shiga maganin Baba, a gangaro gudummawar bikin wance. Duk gaskiya ne, ba mu ce ba a bukata ba. Amma kafin a ce "zo ka gaida Mamanka" hutun ya kusa ƙarewa. Yaro ya leƙo, ya ce ina wuni, ya tambayi abin da za a aiko masa, don shi ne abin da ya ji manya suna yi. Ta goge ido, ta koma ta ci gaba da ba wata tsohuwa abinci a baki.

Don Allah ku fara miƙa wa yaron wayar, ku ɗan ba su wuri. Lissafi ya biyo baya ta saƙon murya. Ku riƙa faɗa mata ƙananan abubuwa: haƙorinsa ya fita, ya kai Sabbi a Islamiyya, ya daina cin kuka. Kuma kada a ce a gabansa "uwarka ta zaɓi kuɗi", ko da wasa. Yaro ba ya mantuwa da irin wannan.

Mu ma na nan akwai namu. Wadda take tashi cikin dare in zazzaɓi ya rufe yaro, ita ke wanke fitsarin kwance, bai kamata ta sha faɗa ta bidiyo don an ga riga da datti ba. A ware mata nata kuɗin daban, da sunanta, ba sai ta roƙa ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. In yaro ba lafiya, ku faɗa mana a ranar. Na san kuna cewa kada a tada mata hankali tana nesa. Amma ta ji daga bakin maƙwabciya bayan an sallamo shi daga asibiti, wannan ya fi ciwo, kuma daga nan ko kun ce "lafiya lau" ba za ta ƙara yarda ba.

A gaida Inna da Baba, a shafa min kan yara.

Taku,
'Yar'uwarku a Mancista